Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan'uwana masu sana'ar kwamfuta da manhaja a Kaduna

Assalamu alaikum.

Ina gaishe ku da aiki, manya da ƙanana, tun daga iyayen gidanmu masu shaguna a titin Ahmadu Bello har zuwa samarin da ofishinsu bai wuce jakar goyo da kwamfutar cinya ba. Ni naku ne. Da yaron shago na fara, ina kaɗe ƙura daga cikin kwamfutoci da burushin fenti, ana aikena sayen abinci a bakin kasuwa. Maganar da zan yi ta cikin gida ce, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo: yadda wasunmu ke ɗaukar manhajar da ake rabawa kyauta, su goge sunan masu ita, su sayar a matsayin tasu. Na rubuta ta a fili ne saboda sau biyu ina tayar da ita a majalisa, kowane karo sai a mayar da ita raha a wuce.

Gwaggona tana da 'yar makarantar sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, duk mai makaranta ya san iyaye za su tambaye shi ko yara na yin gwajin CBT, wato jarrabawa a kan kwamfuta. Ita ma ta daure ta sayi tsofaffin kwamfutocin cinya ashirin da 'yan kai, ta ware ɗaki guda, ta kira wani matashi ya haɗa mata komai. Ya ce mata manhajar jarrabawar kamfaninsa ne ya ƙirƙira ta tun daga tushe. Ta biya abin da ya kusa albashin malamai huɗu na wata, ta sa hannu a takarda.

Shekara na zagayowa, saura kwana shida a fara jarrabawar gwaji, sai jan rubutu ya fito a fuskar kowace kwamfuta: lasisi ya ƙare, a tuntuɓi kamfani. Wayar yaron a kashe. Ta kira ni bayan la'asar, murya na rawa. "Ɗan nan, zo ka duba mini. Tambayoyin da malamai suka yi mako biyu suna shigarwa duk suna ciki."

Na je, ba wuta, aka tayar da janareta. Na zauna gaban babbar kwamfutar da sauran ke jingina da ita, na buɗe ma'ajiyar fayiloli. Ban yi minti biyu ba na gane fuskar. Moodle ce, manhajar koyarwa da jarrabawa da wani ɗan Ostireliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002, wadda jami'o'i a faɗin duniya ke aiki da ita, kuma kowa na iya sauke ta ba ko sisi. An canza mata launi, an ɗora tambarin kamfani, an bi fayilolin da ke kusa da ƙofa an goge 'yan layukan da ke samansu, waɗanda ke faɗin sunan masu ita da lasisinta. Sai dai fayilolin Moodle dubbai ne, ramin ƙarya kuma ƙurarre ne. Da na nutsa can ciki, ga layukan nan daram, ga sunan mutumin, ga lasisin GPL, wato sharuɗɗan da masu ita suka raba ta a kansu. Fayil guda ne kawai baƙo a gidan, shi kuma an cakuɗa rubutunsa yadda ba mahalukin da zai iya karantawa. Shi ne kwaɗon. Aikinsa ɗaya: ya duba kwanan wata, in shekara ta cika ya rufe ƙofa.

Na ce a kawo mini takardar da ta sa wa hannu. An rubuta cewa kamfanin shi kaɗai ne mai manhajar, ba a yarda a kwafe ta ba, ba a yarda wani ma'aikaci ya taɓa ta ba, kuma za a riƙa biyan kuɗin sabunta lasisi duk shekara.

Da na yi mata bayani, Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wato abin da ake rabawa kyauta ya sayar mini?"

Na ce a'a Gwaggo, tsaya tukuna. A nan ne yawancinmu ke kuskure, masu sayarwa da masu sukarsu baki ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Yaron nan ya yi aiki. Shi ya ja wayoyi ta cikin silin, shi ya daidaita kwamfutoci ashirin da wani abu suka ga juna, shi ya zauna da malamai yana nuna musu yadda ake shigar da tambaya da amsa, har da wani dattijon malamin lissafi da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Wannan gumi ne, kuma kuɗinsa halal. Ko da ma bai yi ko ɗaya daga ciki ba, lasisin bai hana shi sayarwa ba. Kalmar "free" da Turawa ke kiran irin wannan manhaja da ita fuska biyu gare ta, shi ya sa suke ta faman bayani, mu kuwa Hausa ta hutar da mu: kyauta daban, 'yanci daban. Richard Stallman, Ba'amurken da ya kafa GNU, shirin samar da irin wannan manhaja, a 1983, 'yanci yake nufi. Shi da kansa, bayan ya bar aikinsa a jami'ar MIT, ya riƙa naɗar manhajarsa ta Emacs a kan tef yana aika wa masu so ta gidan waya, dala 150 kowane ɗaya. Lasisin GPL da ya rubuta, wanda ya fara fitowa a 1989, aka sabunta shi a 1991 da 2007, ya faɗa ƙarara cewa kana iya karɓar ko nawa ka ga dama a kan kwafin da ka ba wani, kana kuma iya bayarwa a banza. Abin da ya tsaya kai da fata a kansa shi ne duk wanda manhajar ta shiga hannunsa yana da damar ya yi aiki da ita yadda yake so, ya leƙa cikinta ya gyara, ya kwafa ya ba wani, ya kuma raba wadda ya gyara. Damar da ka samu a lokacin da ka sauke ta, ita za ka miƙa wa na gabanka, ba ragi.

Ku ɗauki ɗan garuwa. Wani bawan Allah ya haƙa rijiyar burtsatse a unguwa ya yi waƙafinta. Ɗan garuwa ya zo da kurarsa da jarkokinsa, ya bi layi, ya cika, ya turo ta cikin ranar Maris har ƙofar gida, ya juye a randa, aka biya shi. Wa ya taɓa kiransa ɓarawo? Matar gida ta san ruwan na Allah ne, ta san inda famfon yake, ta zaɓi ta biya don ba ta da lokacin bin layi. To amma ranar da ya kankare sunan mai waƙafin daga jikin tanki ya rubuta nasa, ya ce mata shi ya haƙa, ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta aiki yaronta da bokiti, sannan ya sa wa randar da ke tsakar gidanta kwaɗo ya tafi da mabuɗin, ai ranar ya bar garuwa ya shiga wata sana'ar. Ruwan bai canza ba, kuɗin ma wataƙila bai canza ba.

Abin da aka yi wa Gwaggo ke nan, kuma kowane ɗaya daga ciki lasisin ya ambace shi. Ya ce a bar bayanan haƙƙin mallaka yadda suke, a kuma ba mai karɓa kwafin lasisin. An goge, ba a ba ta ba. Ya ce in ka yi gyara ka rubuta a fili cewa ka gyara, da kwanan wata; ba a rubuta ba. Ya ce a ba mai karɓa asalin rubutun manhajar a siffar da ake iya karantawa da gyarawa. An ba ta cakuɗaɗɗen fayil. Ya ce ba ka da ikon ƙara wani takunkumi ko ɗora kuɗin lasisi a kan damar da ya riga ya bayar. Takardar tata kuwa ba komai a cikinta sai takunkumi.

Akwai wani wuri da ake ruɗewa, bari in tsaya a kansa. Canza sunan da ke fuskar manhaja ba shi ne laifin ba. Wani lokaci ma dole ne. Lasisin ya ba ka rubutun manhajar, amma suna da tambari mallakar masu su ne, kuma masu Moodle ba su yarda kowa ya riƙa tallata hajar kasuwanci da sunansu ba sai da izini. Haka masu Firefox, manhajar shiga intanet; shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, 'yan Debian, wata ƙungiyar masu raba irin wannan manhaja, suna raba ta da sunan Iceweasel saboda irin wannan saɓani. Saboda haka ka sa sunan kamfaninka a saman shafi, ba wanda zai ce maka uffan. Amma ka bar layukan cikin fayil, ka kuma gaya wa mai saye a kan me ka gina. Kamar mai shayi ne: sunansa ne a jikin tebur, amma ba ya rantsuwa cewa shi ya tatso madarar.

Kuma ba duka lasisi ne iri ɗaya ba. Wanda ake kira MIT sassauci gare shi ƙwarai: ɗauki, gyara, rufe, sayar, abin da kawai yake nema shi ne ka bar sunan mai abin da 'yan layukan lasisin a ciki. Ko wannan ɗin ma na ga masu gogewa, abin har ya ba ni dariya, an ba ka saniya an ce riƙe igiya ka ce ta yi maka nauyi. Haka kuma in manhajar GPL a kan kwamfutarka take, mutane na shiga ta intanet kawai ba ka ba su kwafi ba, dole ba ta hau kanka ka ba su asalin rubutun ba, sai in lasisin AGPL ne, wanda aka yi musamman don toshe wannan kafa. Ku riƙa buɗe fayil ɗin lasisi kuna karantawa kafin ku yi ciniki. Bai kai tsawon hirar da muke yi a WhatsApp kowace safiya ba.

Kada wani ya ɗauka wankakke ne ke magana. Shekarun baya wani dattijo mai shagon buga takardu a wajen Kasuwar Barci ya kawo mini kwamfutarsa ya ce in sa masa Office. Na ɗora masa LibreOffice, wadda aka fara a 2010 kuma ba a biyan ko kwabo a kanta, na canza sunayen 'yan hotunan da ke fuskar kwamfutar, na karɓi kuɗi kamar na sa masa ta Microsoft. Na ce a raina ai na ma taimake shi, tunda ban sa masa ta sata ba. Wata uku yana aiki lafiya, sai ɗansa ɗalibin Kadpoly ya dawo hutu ya gani. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya zo shago ya zauna a benci, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Ɗana, da ka gaya mini gaskiya, wallahi da na biya ka kuɗin nan har da godiya. Yanzu kuma ko batir ka ce mini sabo ne sai na nuna wa wani." Bai nemi kuɗinsa ba. Bai kuma sake dawowa ba.

Na san amsar da za ku ba ni, don ni ma na sha bayar da ita. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwastomanmu da ya ji kalmar kyauta, shi ke nan, gumin naka ma ya zama kyauta. Ka kwana uku kana haɗa masa abu, ya ce, "Ba ka ce a intanet ka sauke ba?" ya miƙo maka kuɗin Keke Napep. Wani kuma akasin haka ne, shi araha ba ta ado. In ka ce masa manhajar ba a sayenta sai ya ga ba ta da daraja, ya tafi wurin wanda zai yi masa ƙarya ya tsuga masa kuɗi. Ga kuma ofisoshin da ba sa son jin gaskiyar kwata-kwata, don in takardar kwangila ta ce lasisin manhaja akwai abin kashe-mu-raba, in ta ce aikin saitawa babu. Duk gaskiya ne, ban musa ba.

Amma ku dubi yadda masu cin abinci da wannan hanya suke yi. Red Hat kamfani ne da ya ginu a kan Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Abin da suke sayarwa shi ne kulawa, da sabuntawa, da alkawarin in abu ya lalace akwai wanda za a kira. IBM ta saye su a 2019 kan dala biliyan 34. Ba su taɓa ɓoye cewa Linux ce ba. Da sunan suke tinƙaho. Mu a nan abin da muke da shi wanda ba a saukewa daga intanet ya fi nasu yawa. Wa zai zo Rigasa ranar Asabar don janareta ya ƙona caja? Wa zai zauna da malamin lissafi ya yi masa bayani da Hausa sau biyar? Wa ya san yadda za a yi jarrabawa ta gudana ba data ba wuta? Wannan ita ce hajarmu. Ku rubuta ta a rasit da sunanta: manhaja kaza, lasisinta kaza, ba kuɗi, saitawa da haɗa wayoyi, kaza, horar da ma'aikata, kaza, kulawa ta shekara, kaza. Kuɗin shekara-shekaran nan da yaron ya nema da kwaɗo, da ya kira shi kuɗin kulawa, ya riƙa leƙowa duk zangon karatu, Gwaggo da hannu biyu za ta biya.

Wani zai ce, to wa zai taso daga Ostireliya ya kai ni ƙara a Kaduna? Wataƙila babu. Amma a sani, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin rubutaccen aiki kamar littafi. Lasisin shi ne izinin da mai abu ya ba ka. Ka karya sharaɗi, izinin ya faɗi, ka koma sahu ɗaya da mai kwafar faifan sata. A Jamus tun 2004 wata kotu a Munich ta tabbatar da cewa GPL na da haƙora, a ƙarar da wani mai rubuta manhaja, Harald Welte, ya shigar. Kamfanin Linksys ma sai da aka matsa masa a 2003 ya saki asalin rubutun na'urarsa ta raba intanet, daga nan aka samu manhajar OpenWrt da wasunku ke ɗorawa a na'urori yau.

Ni dai ba kotu ce ta fi damuna ba. Wanda ya goge suna ya ɗaure kansa: ba zai iya sabunta manhajar ba, don sabuntawar za ta dawo da duk abin da ya goge ta kuma share kwaɗonsa. Masu Moodle suna fitar da gyaran kafofin tsaro a kai a kai, ta Gwaggo kuwa tun ranar da aka ɗora ta ba a taɓa ta ba. A cikinta akwai sunayen yara, da hotunansu, da lambobin wayar iyayensu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma a kan makarantar ta ɗora nauyin tsare su, wato a kan matar da aka rubuta wa cewa ba ta da ikon kiran wani ya duba. Wanda ake cuta a wannan harka ba Bature ba ne mai nisa. Maƙwabciyarka ce, wadda za ku haɗu a wurin suna.

Mun taso muna jin hadisin nan: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ciki ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce, me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku lura, bai ce a zubar da jiƙaƙƙen ba, bai ce kada a sayar ba, cewa ya yi a ɗora shi inda ido zai gani. Abokan sana'armu Kirista na Barnawa da Sabon Tasha su ma sun san ayar da ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji.

Akwai kuma batun kunya. Da yawanmu da wannan rijiyar muka girma. Ni faifan Ubuntu, wani nau'in Linux, na farko da na riƙe ta gidan waya ya zo mini, kamfanin Canonical ne ke aikowa kyauta har da kuɗin aike, sai a 2011 suka daina. Da shi na koyi rabin abin da nake ci da shi yau. VLC, manhajar kallon bidiyo da masu tura fina-finai ke saka wa mutane a waya, ɗalibai ne suka fara ta a wata makaranta a Faransa. Mai turawa ya karɓi 'yan canjinsa ba laifi, amma wanda ya cusa mata talla ya sake mata suna ya san abin da ya yi. Blender kuwa, manhajar haɗa zane da fim mai motsi, fansarta aka yi: kamfanin da ke da ita ya durƙushe, a 2002 jama'a suka yi karo-karo na yuro 100,000 cikin mako bakwai suka 'yanta ta. Mutane sun zuba kuɗi da dare da lafiyar idonsu, mu kuma mu goge sunansu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Alhali lasisin nan ya buɗe mana ƙofar da ba mu cika shiga ba: muna iya fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa mu mayar wa masu su, sunanmu ya shiga cikin fayil ɗin da gaskiya, kusa da nasu.

A daren da na je makarantar Gwaggo na sauke sabuwar Moodle, na kwashe tambayoyin malamai na mayar ciki, muka tashi wajen ƙarfe ɗaya. Yara sun yi jarrabawarsu ranar da aka sa. Bayan kwana goma sai ga kiran yaron, ashe wayarsa aka sace.

"Oga, ka shiga mini aiki."

Na ce aikinka na nan, wayoyinka ko ɗaya ban taɓa ba, kwaɗonka kawai na cire, shi ma na ajiye maka a filashi.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Oga, in na gaya mata Moodle ce, gobe sai ta kira wani."

Na ce ai ga shi ba ka gaya mata ba, ta kira wani.

Gwaggo ta ce in faɗa masa ya dawo, don ba wanda ya san hanyar wayoyin cikin silin ɗin nan kamarsa, amma da sabuwar takarda, irin rasit ɗin da na bayyana a sama. Ya ce zai yi shawara. Mako uku ke nan, kuma kwamfuta ta bakwai daga taga ta daina ganin sauran.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta,
Tudun Wada, Kaduna.